Filodendiron: Rainon 'Yar Kurmi a Ƙasar Hunturu

Duk wanda ke zagaya hostal kwana biyun nan zai lura an shiga yayin ajiye shuka a ɗaki. 'Yan mata ne suka fara, yanzu samari ma sun shigo ciki. Wadda aka fi gani ita ce mai koren ganye mai siffar zuciya, wadda ke yaɗo tana saukowa daga bakin taga. Sunanta filodendiron. Abin takaicin shi ne da yawa daga cikin waɗanda ake sayowa ba sa ganin ƙarshen semista. Ganye ya yi rawaya, ya zube, mai ita ya ce mai fulawa ya cuce shi, ko kuma an yi mata baki. Alhali kuɗin da aka sa a ciki daga ɗan abin da aka turo daga gida aka tsakuro shi.

Shekara biyu ke nan ina rainon wannan shuka, a nan makaranta da kuma gida 'Yandoto. Tunda wannan ce semistata ta ƙarshe a ND II, na ga ya dace in bar abin da na sani a rubuce. Maganar duka guda ce: filodendiron 'yar kurmi ce, mu kuwa 'yan ƙasar rana da hunturu ne. Wanda ya gane yadda take rayuwa a gidansu, ya gama gane rainonta.

Daga ina ta fito?

Asalinta dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, tun daga Meziko har Barazil, da tsibiran Karibiyan, inda ruwan sama ke da yawa kuma iska cike take da laima. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Ostiriya, Heinrich Wilhelm Schott, shi ya tabbatar mata da wannan suna a 1829. Sunan daga harshen Girka yake, ma'anarsa mai son itace. Akwai irinta sama da 450, amma wadda ta fi yawa a ɗakunan mutane ita ce Philodendron hederaceum, mai ganyen zuciya.

A can kurmi tana tsirowa ne a inuwar manyan itatuwa, cikin ruɓaɓɓen ganye, sannan ta kama jikin itace tana hawa da wasu 'yan saiwoyi da ke fita daga gaɓoɓinta. Kar ka ɗauka irin kauci ce da ke shan jinin itacen da ya hau. Ita tsani kawai take nema. Saboda haka rana ba ta dukanta kai tsaye, saiwarta ba ta zama cikin taɓo, kuma iskar da ke kaɗa ta ba busasshiya ba ce. Riƙe waɗannan ukun, domin duk sauran bayanin a kansu yake.

Ranar da kakata ta fara ganinta a gida cewa ta yi, "Kai maigidan, mi kaka yi da gwazar da ba a ci?" An yi dariya, amma fa tsohuwa ta harbi gaskiya. Filodendiron da gwaza dangi ɗaya ne a wajen masana, dangin da ake kira Araceae. Har kainuwa, dashen Allah, da muke gani a saman tafki, 'yar gidan ce. In ka taɓa ganin yadda gwaza ke son danshi da sanyin fadama, to kana da rabin karatun.

Kar a sayar maka da wata

Masu sayar da fulawa a bakin titi a Gusau sukan haɗa ta da wata mai kama da ita, wadda suke kira mani-filant. Wannan asalinta wani tsibiri ne a Tekun Fasifik. Ga yadda za ka bambance su. Ganyen filodendiron siriri ne mai laushi, kuma wajen da ya haɗu da sandarsa ya lotsa sosai kamar zanen zuciya. Na mani-filant ya fi kauri da sheƙi, sau da yawa da ɗigon rawaya. Sandar ganyen filodendiron zagayayyiya ce sumul, ta mani-filant kuwa tana da ɗan kwari a tsakiya. Sannan sabon ganyen filodendiron yana fitowa ne daga cikin wani ɗan kube, wanda daga baya yake bushewa ya faɗi. In ma mani-filant ɗin ka samu, ba asara, rainonsu kusan ɗaya ne.

Ba sai ka saya ba

Ga wanda aljihunsa ya yi sanyi, reshe ɗaya daga wajen aboki ya isa. Ka duba jikin karan, za ka ga gaɓa, wato inda ganye ya fito, da ɗan ƙullutu mai ruwan ƙasa a gefensa. Daga nan saiwa ke fita. Ka sa reza mai tsabta ka yanko tsawon santimita 10 zuwa 15, mai ganye biyu ko uku, yankan ya kasance ƙasa kaɗan da gaɓa. Cire ganyen ƙasa, ka tsoma reshen a kwalba mai ruwa yadda gaɓar za ta nutse, ganyen da ya rage yana sama. Ganye zalla ba tare da gaɓa ba, ko shekara ya yi a ruwa ba zai zama shuka ba.

Cikin sati biyu zuwa huɗu za ka ga farar saiwa. Idan ta kai santimita 3 zuwa 5, sai dashe. Lokacin da ya fi dacewa shi ne farkon damina, Yuni ko Yuli, sa'ad da iska ke da laima. Ka haɗa reshe uku ko huɗu a tukunya ɗaya don ta yi cika.

Amma hattara da kwalbar nan. Ruwan da ya kwanta gidan sauro ne, kuma a zafin ƙasarmu ƙwan sauro na iya zama sauro mai tashi cikin kwana 7 zuwa 10. Ka riƙa canza ruwan duk bayan kwana uku ko huɗu, kana ɗauraye kwalbar. Kar garin neman ado ka jawo wa 'yan ɗakinku maleriya ana tsakiyar jarrabawa.

Ƙasa da tukunya

A nan mutane da yawa ke kashe shukarsu tun ranar farko. Sai mutum ya ɗebo baƙar laka ta fadama, wai ai ita ce mai ƙarfi. Laka in ta jiƙe sai ta danƙare, iska ba ta shiga, saiwa ta shaƙe ta ruɓe. In ta bushe kuma ta zama kamar bulo. Saiwa ma numfashi take yi, ko da yake ba mu gani.

Abin da nake haɗawa duk a kusa da mu yake. Kwano biyu na ƙasar gindin mangwaro ko wani babban itace, inda ganye ya daɗe yana ruɓewa. Kwano ɗaya na yashi mai tsakuwa-tsakuwa, irin wanda ake ɗebowa daga Gulbin Sakkwato a Gusau da Bunguɗu don gini. Kwano ɗaya na buntun shinkafa, wanda ake samu wajen masu injin casa, ko dakakken ɓawon gyaɗa. Sai tafi ɗaya na gutsattsarin gawayi. In kana da tsohon takin shanu da ya ruɓe ya zama gari, ka zuba ɗan kaɗan. Ɗanyen kashin kaji kuwa ka nisance shi, ƙona saiwa yake yi. Gwajin shi ne ka jiƙa haɗin ka dunƙula a hannu: in ka buɗe ya wargaje da ɗan taɓi, ya yi.

Tukunyar ƙasa irin tamu ta fi roba, saboda jikinta na tsatsar ruwa yana sanyaya abin da ke ciki, kamar dai yadda randa ke yi. In robar fenti ko gwangwanin madara kake da shi, ba laifi. Sharaɗi ɗaya ne ba sassauci: dole a huda ƙasan, rami uku ko huɗu. Kuma kar ka sa ɗan ƙaramin reshe a ƙaton bokiti. Ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba tana riƙe ruwa ne kawai har ta yi tsami.

Haske

Tana son wuri mai haske wanda rana ba ta dukansa. Taga mai kallon gabas ta fi, inda za ta samu hantsi mai laushi. Tagar yamma kuwa, ranar la'asar ta watan Afrilu na iya toya ganye cikin yini ɗaya, ka ga tabo fari-fari ko ruwan ƙasa kamar an ɗora dutsen guga. In tagarka ta yamma ce, ka ja tukunyar baya kamar taku biyu, ko ka sa siririn labule.

Ga gwaji mai sauƙi: da rana, ka ɗaga tafin hannunka sama da ganyen. In inuwar ta fito ɓaro-ɓaro har kana ƙirga yatsu, hasken ya yi ƙarfi. In ta fito dishi-dishi, daidai ke nan. In babu inuwa sam, wurin ya yi duhu. Shukar da ke cikin duhu za ka ga karanta ya yi tsawo siriri, tazarar ganye da ganye ta yi nisa, sabbin ganyen ƙanana. Duk sati ka ɗan juya tukunyar don kada ta karkata gefe ɗaya.

Ruwa: so ne ke kashe ta

Wallahi yawancin filodendiron da ke mutuwa a hostal ƙauna ce ta yi musu yawa. Mai ita ya ba ta ruwa da safe, abokin ɗaki ya ƙara da dare, wanda ya zo hira ya juye mata ragowar fiya-wata. Kafin sati uku saiwa ta ruɓe. Abin da ke ruɗa mutane shi ne shukar da saiwarta ta ruɓe tana yin yaushi kamar mai jin ƙishirwa, sai a ƙara mata ruwa, a ƙarasa ta.

Kar ka bi kalanda, bi yatsanka. Ka tura ɗan ali cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In ka ji danshi, bar ta. In ka ji bushewa, ka zuba ruwa sosai har ya fito ta ƙasa, sannan ka zubar da wanda ya taru a faranti. Da bazara zai iya kamawa duk bayan kwana biyu ko uku. A watan Agusta, lokacin marka, sai ta yi sati ko fiye ba ta nema ba. Ku yi magana da 'yan ɗakinku, mutum ɗaya ne mai ba da ruwa.

Na san wani zai ce, "Malam, ruwan wanka ma sai an bi layi da jarka, ina na fulawa?" Gaskiya ne. Amma tukunya madaidaiciya kofi biyu ke isar ta. Ka tara ruwan alwalarka a roba, ya wadatar. Wanda bai halatta gare ta ba shi ne ruwan wanki mai Omo ko sabulu, da ruwan wanke-wanke mai maiƙo da gishiri. Ruwan sama ya fi kowane. In ruwan burtsatse kake ba ta ka ga wani farin gari-gari yana taruwa a bakin tukunya, gishirin cikin ruwan ne. Sau ɗaya a wata ka kwarara mata ruwa mai yawa ya wanke ya fita ta ƙasa.

Hunturu da bazara

Filodendiron ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas, da iska mai laima. Mu kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Yadda leɓenka da dugaduganka ke tsagewa, haka bakin ganyenta ke bushewa. Ga ƙura kuma, wadda ke lulluɓe ganye ta tare masa haske.

Da hunturu ka ɗauke ta daga bakin taga da dare, saboda sanyin asuba na yi mata illa. Duk sati ka goge ganyen sama da ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma mai laushi. Kar ka shafa musu man gyaɗa ko basilin don su yi sheƙi, ƙura za su ƙara kamawa. Ka tara tukwanenka wuri ɗaya su riƙa raba laimar da suke fitarwa. Fesa ruwa da baki ko da kwalba yana ɗan taimakawa, amma cikin mintuna kaɗan iska ta shanye. Kuma kar ka ba ta taki a wannan lokaci, girmanta ya ragu. Taki sai damina, shi ma ɗan kaɗan.

Da bazara, Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40, ɗakin kwano kuwa ya zama tanda. A nan nake aron dabarar wani malamin foliteknik, Mohammed Bah Abba na Jigawa, wanda ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Shi ya yaɗa hanyar adana kayan miya ba tare da lantarki ba: ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ruwan na tsatsowa yana bushewa, cikin yana sanyi. Haka za ka yi wa shukarka. Ka zaunar da tukunyarta cikin wata babba, yashi a tsakani, kana jiƙa yashin. Saiwa za ta samu sanyi, ganye ya samu ɗan laima. Ka dai tabbata gindin ƙaramar ba ya zaune cikin ruwa. Kuma ka kawar da ita daga saitin fanka.

Karanta ganyenta

Ganyen ƙasa da yawa sun yi rawaya, ƙasa jiƙe, kara ya yi laushi: ruwa ya yi yawa. Ka zare ta, ka yanke baƙar saiwa mai wari, ka sake dasawa a sabuwar ƙasa. In ruɓar ta yi nisa, yanko lafiyayyen reshen sama ka koma kwalba. Ganye ya lanƙwashe, ƙasa ta bushe ƙamas: ƙishirwa ce, ba ta ruwa za ta farfaɗo. Bakin ganye ya bushe: iskar hunturu ce ko gishiri. Tsohon ganye ɗaya ya yi rawaya jefi-jefi kuwa, tsufa ne, kar ka damu.

In ka ga wani abu fari kamar auduga a maƙale a gaɓoɓi, ƙwaro ne mai tsotsar ruwan jikinta. In kuma ganye ya yi ɗige-ɗige da siririyar yana a bayansa, wasu mitsi-mitsin ƙwari ne masu son busasshiyar iska. Ka ware ta daga sauran, ka goge ta da ruwa mai ɗan ɗigon sabulu, ka ɗauraye, ka maimaita duk sati har su ƙare. A rufe ƙasar da leda lokacin gogewa don kada sabulun ya sauka.

Gargaɗi ga masu kai ta gida

Ka san ƙaiƙayin da ɗanyar gwaza ke sa wa a maƙogwaro? Wasu ƙananan allurai ne na sinadarin kalsiyam okzalet, kuma filodendiron cike take da su. Yaron da ya tauna ganyenta bakinsa zai yi zafi, ya yi ta dalalar da miyau, leɓe da harshe su kumbura. Haka kyanwa, kuma kar a bar akuya ta kai gare ta. A gidajenmu da yara masu rarrafe ke ko'ina, a rataye ta sama inda hannu ba ya kaiwa. In tsautsayi ya faru, a cire abin da ke bakin, a wanke da ruwa, kuma in an ga kumburi ko wahalar haɗiya ko ta numfashi, a garzaya asibiti ba jira. Kai ma in ka yanka ta, wanke hannu kafin ka taɓa ido.

Maganganun da ake yi

Wasu na cewa kwana da shuka a ɗaki haɗari ne don tana shanye iska da dare. E, tana numfashi, amma abin da take sha bai kai ko kusa da na abokin ɗakinka mai minshari ba. Wasu kuma a intanet na cewa tana tace iskar ɗaki. Tushen maganar wani bincike ne da hukumar NASA ta Amurka ta fitar a 1989, wanda aka yi cikin rufaffun akwatuna. A 2019 masu bincike a Jami'ar Drexel suka sake duba irin waɗannan gwaje-gwaje, suka nuna sai an tara shuka 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita kafin su yi aikin da shigar iska daga waje ke yi. Don haka buɗe taga ya fi. Batun wai mani-filant na jawo kuɗi kuwa, camfi ne. Arziki na Allah ne.

In an tafi hutu

Hutun sati biyu ko uku ba ya kashe ta in ka shirya. Ka ba ta ruwa sosai, ka janye ta daga taga zuwa wuri mai sanyi. Ka cika gora da ruwa, ka aje ta ɗan sama da tukunyar, ka yi lagwani da tsumman auduga, baki ɗaya a ƙasan gorar, ɗayan a binne cikin ƙasar shukar. Ka toshe bakin gorar da tsumma saboda sauro. Ka gwada wannan kwana uku kafin tafiya, ka ga ko yana ja. In dogon hutu ne, ka ba wani amana, ko ka yanki rassa ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma cikin leda ka tafi da su. Sun fi tukunya sauƙin ɗauka a motar haya.

To, mene ne ribar?

Ba a cin ta, ba ta magani. Amma mu da muka taso tsakanin Tsafe da Gusau da Bunguɗu mun san yadda abubuwa suka koma. Dajin da yayyenmu ke shiga kiwo da tsinkar kanya, yau ba kowa ke iya leƙa shi ba, wasu gonakin ma an daina zuwa. Yara da yawa na tasowa ba su san rainon tsiro ba. Ɗan koren ganye a bakin taga ba zai gyara wannan ba, amma yana riƙe wa hannu sabo da ƙasa, kuma wanda ya dawo daga lakca a gajiye ya tarar da sabon toho ya san abin da nake nufi. Ga masu neman na kashewa kuma, tukunya ɗaya mai lafiya na iya ba ka rassa da yawa a damina guda, kuma ofisoshi da shaguna da gidajen amare na son irin wannan ado.

Mu 'yan ND II da ke shirin tattara kaya, kar mu bar tukwanenmu su bushe a ɗakunan da aka kulle. A yanka a raba wa ƙannenmu na ND I, a nuna musu inda gaɓa take. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya zaunar da Zamfara lafiya. Amin.